Mikiya, maciji da damisa: Abin da dabbobin bangon laburaren Jami'ar Meziko ke faɗa game da mulki

A kudancin birnin Meziko, cikin harabar Jami'ar Ƙasa Mai Cin Gashin Kanta da aka fi sani da UNAM, akwai wani dogon gini mai siffar akwati, wanda kusan babu taga a hawa goma na samansa. Shi ne babban laburaren jami'ar. Bangwayensa huɗu a lulluɓe suke da ƙananan duwatsu masu launi iri-iri, waɗanda aka jera ɗaya kusa da ɗaya har suka ba da hoto mai faɗin murabba'in mita kimanin 4,000. Yana cikin zanen jeren duwatsu mafi girma a duniya.

Mai wannan aiki, Juan O'Gorman, bai ƙago akasarin siffofin da kansa ba. Tsinto su ya yi daga tsofaffin kundayen zane na mutanen Aztek, da tambarin sarakunan Turai, da taswirorin masana taurari, da tutocin juyin juya hali, ya harhaɗa su wuri guda kamar yadda tela ke haɗa ƙyallaye ya fitar da mayafi. Sunan da ya ba aikin yana nufin bayyana tarihin al'ada cikin hoto.

Wanda ya tsaya a gindin ginin ya ɗaga kai, dabbobi ne za su fara ɗaukar idonsa: macizai masu gashin tsuntsu, da damisa, da manyan tsuntsaye masu buɗaɗɗen fiffike. Mikiya ta fito a arewa, ta fito a kudu, ta fito a yamma, kuma a kowane wuri wani mai iko daban take wakilta. Wannan bayani zai bi dabbobin bango bayan bango, ya nuna inda aka samo su, da ma'anarsu a wurin waɗanda suka fara zana su, da kuma amfanin da gwamnatin da ta biya kuɗin aikin ta yi da su.

Ginin da mai zanensa

An gina wannan haraba ne a zamanin Shugaba Miguel Alemán, wanda ya mulki Meziko daga 1946 zuwa 1952. Lauya ne, tsohon ɗalibin jami'ar, farar hula da ya gaji jerin janar-janar a kan kujerar mulki, kuma yana son ya bar wa zamaninsa alamar da za a gani da ido. Filin da aka zaɓa, Pedregal, shimfiɗar baƙin dutse ce da ta daskare bayan aman wutar dutsen Xitle fiye da shekaru 1,500 da suka wuce. Masu tsara gine-gine da injiniyoyi da masu zane fiye da 60 ne suka yi aikin. An yi bikin ƙaddamarwa a ranar 20 ga Nuwamba, 1952, kwanaki kaɗan kafin Alemán ya sauka, duk da cewa ba a fara karatu a wurin ba sai 1954. Laburaren ya buɗe ƙofarsa a ranar 5 ga Afrilu, 1956. A 2007 Hukumar UNESCO ta saka harabar cikin wuraren tarihi na duniya.

An haifi O'Gorman a unguwar Coyoacán a 1905, mahaifinsa ɗan asalin Ayalan, mahaifiyarsa 'yar Meziko. Ya fara suna ne da gine-gine marasa ado ko kaɗan, ciki har da makarantun firamare na gwamnati da gidan da ya tsara wa masu zane Diego Rivera da Frida Kahlo. Daga baya ya juya wa wannan salo baya, ya koma neman ginin da zai yi kama da ƙasar da aka kafa shi a kanta. Ya tsara laburaren tare da Gustavo Saavedra da Juan Martínez de Velasco, amma zanen bangon nasa ne. Ya rasu a 1982.

Zanen bango a Meziko harkar gwamnati ce tun farkonta. Bayan juyin juya halin da ya fara a 1910, José Vasconcelos, wanda ya zama ministan ilimi a 1921, ya miƙa wa masu zane irin su Rivera da José Clemente Orozco da David Alfaro Siqueiros bangwayen ma'aikatu da makarantu, domin su koyar da tarihi ga al'ummar da mafi yawanta ba ta iya karatu ba. Wanda ya riƙe bango a wancan zamani ya riƙe wani ɓangare na manhajar ƙasa.

Yadda aka jera duwatsun

Hawa goman da ke sama ma'ajiyar littattafai ce, shi ya sa aka rufe su daga hasken rana, kuma wannan ne ya ba O'Gorman shafi huɗu manya da zai yi zane a kansu. Ya san fenti ba zai jure rana da ruwan sama na shekaru ba, don haka ya koma ga dabarar da ya fara gwadawa tare da Rivera a ginin gidan tarihi na Anahuacalli: a yi hoton da dutse, wanda launinsa ba ya kodewa. Ya zaga sassan ƙasar yana neman duwatsu ja da rawaya da kore da baƙi da fari da ruwan toka. Shuɗi ne kawai bai samu yadda yake so ba, sai ya yi amfani da gutsattsarin gilashi.

An fitar da zanen a kan takarda daidai girmansa na gaskiya, aka raba shi gida-gida, kowane gida murabba'in mita ɗaya. Ma'aikata suna jera duwatsun a ƙasa bisa layin zanen, a zuba kankare a bayansu, in ya bushe a ɗaga allon a ɗaure shi a gurbinsa a jikin bango. Dubban alluna aka haɗa ta wannan hanya. Wannan dabara ta yi tasiri ga kamannin dabbobin, domin dutse ba ya ba da inuwa mai laushi irin ta fenti. Kowace siffa sai ta zama shimfiɗaɗɗiya, da baƙin layi a gefenta, kuma haka ainihin kundayen Aztek suke.

Kundayen da aka ƙona da waɗanda aka kwashe

Mutanen da duniya ke kira Aztek, su Meshika suke kiran kansu, kuma daga nan sunan ƙasar ya samo asali. Suna rubutu da hoto a kan fatar barewa ko takardar ɓawon itace, su naɗe ta ninki-ninki. A irin wannan rubutu dabba kalma ce: tana iya zama sunan rana, ko sunan mutum, ko sunan gari, ko muƙamin soja.

Kaɗan ne daga cikin waɗannan kundaye suka tsira. Bayan cin ƙasar da Sifaniyawa suka yi, limaman coci sun ƙona da yawa a matsayin kayan tsafi, kuma ƙonawar da ta fi suna ita ce wadda Diego de Landa ya yi wa littattafan mutanen Maya a garin Maní a 1562. Sai dai ba Turawa ne suka fara ba. Dattawan Meshika sun shaida wa limamin nan Bernardino de Sahagún cewa sarkinsu Itzcoatl, wanda ya hau mulki wajen 1427, ya sa an ƙona tsofaffin kundayen tarihi domin a rubuta wanda ya dace da sabuwar daularsa. Ke nan labarin mikiya da ya iso hannunmu ya riga ya bi ta hannun masu gyara tun kafin jirgin Bature ya iso gaɓa.

Waɗanda suka tsira kuwa akasarinsu suna Turai. Kundin Mendoza, wanda masu zane 'yan ƙasa suka yi wajen 1541 domin a kai wa sarkin Sifaniya, yana laburaren Bodleian na Jami'ar Oxford tun 1659. Kundin Borbonicus yana laburaren majalisar dokokin Faransa a Paris. Da O'Gorman ya kwaikwayi siffofinsu ya manna a bayan laburare, ya mayar da abin da aka kulle a ƙasashen waje zuwa inda kowane mai wucewa zai gani ba tare da biza ba.

Bangon arewa: duniyar Meshika

An raba wannan bango gida biyu, ɓangaren rana da rayuwa, da ɓangaren wata da duhu da mutuwa, shuɗayen layukan ruwa suna ratsa shi kamar magudanan tsohon birnin Tenochtitlan. Maciji yana ɓangarorin biyu. Mafi girmansu shi ne Quetzalcoatl, macijin da jikinsa ke lulluɓe da gashin tsuntsun ketsal mai dogon koren wutsiya. Haɗa abin da ke jan ciki da abin da ke tashi sama na nufin haɗuwar ƙasa da sararin samaniya. A imanin mutanen yankin shi ne ubangijin iska da ilimi da sana'a, wanda ya kawo wa mutane masara, kuma bautarsa ta girmi daular Aztek da ƙarnuka, domin akwai haikalinsa a kufan Teotihuacan tun wajen ƙarni na uku. Akwai kuma macijin wuta, wanda Huitzilopochtli, abin bautarsu na yaƙi da rana, ke riƙe da shi a matsayin makami.

Damisar da ke bangon ita ce jaguwa, wadda ta fi damisar Afirka kauri da ƙarfin muƙamuƙi. Kirarin damisa ƙi sabo ya dace da ita. Tana farauta da dare, tana iyo, kuma Meshika suna ganin ɗigon jikinta kamar taurari a baƙin sama, saboda haka suka danganta ta da dare da kogo da Tezcatlipoca, abin bautarsu na ƙaddara da sihiri. Mikiya kishiyarta ce, tsuntsuwar rana. Wata tatsuniyarsu ta ce a lokacin da aka halicci rana a Teotihuacan, dabbobin biyu sun faɗa cikin wutar hadaya: mikiya ta fara shiga, gashinta ya yi baƙi, damisa ta biyo baya wutar ta yi sanyi, sai ta fito da tabo-tabo.

Wannan tatsuniya tana da amfani a siyasar daular. Manyan rundunoni biyu na Aztek su ne mayaƙan mikiya da mayaƙan damisa, masu sa tufafin da ke kwaikwayon dabbobin, kuma ana samun shiga cikinsu ne ta hanyar kamo fursunoni a fagen daga. Idan aka ambaci mikiya da damisa tare a harshen Nahuatl, jarumin soja ake nufi. Wanda ya ga dabbobin biyu a bangon laburare yana kallon alamar rundunar da ke tilasta wa garuruwa da yawa biyan haraji.

A tsakiyar bangon akwai alamomin kalandar ibada mai kwana 260, wadda ake samu ta haɗa lambobi 13 da sunayen ranaku 20. Rabin waɗannan sunaye na dabbobi ne: kada, ƙadangare, maciji, barewa, zomo, kare, biri, damisa, mikiya da ungulu. Ranar da aka haifi yaro kan zama sunansa, kuma daga gare ta masu duba ke faɗin makomarsa. A can ƙasan tsakiyar ne aka sa hoton da kowane ɗan Meziko ya sani, mikiya a kan nopal, wani tsiro mai kaurin ganye da ƙaya. Bisa labarin da aka gada, wannan ce alamar da aka yi wa Meshika alkawari, kuma inda suka gan ta, a wani tsibiri cikin tafkin Texcoco, nan suka kafa Tenochtitlan a 1325.

Shin tun asali akwai maciji a bakin mikiyar?

A tutar Meziko ta yau mikiyar tana cin maciji, amma tsofaffin shaidu ba su yi ittifaƙi a kan haka ba. A shafin farko na Kundin Mendoza mikiya tana tsaye a kan nopal, babu komai a bakinta. A wani sassaƙen dutse na zamanin Aztek da aka tono daga ƙarƙashin fadar gwamnati a 1926, abin da ke kusa da bakinta igiyoyi biyu ne a murɗe, ɗaya ta ruwa ɗaya ta wuta, wato alamar yaƙi a rubutunsu. Wasu masana suna ganin wannan murɗaɗɗiyar alama ce aka ɗauka maciji daga baya. A littafin tarihin da limami Diego Durán ya kammala wajen 1581, an zana mikiyar da maciji a wani shafi, da ƙaramin tsuntsu a wani.

Bambancin yana da nauyi. A wurin Bature Kirista na ƙarni na 16, mikiya mai kashe maciji hoton nasarar alheri ne a kan Shaiɗan, hoton da ya dace da wa'azin masu mulkin mallaka. A wurin ɗan Meshika kuwa maciji abin girmamawa ne. Tambarin da ake ɗauka a matsayin tsantsar gadon 'yan ƙasa yana ɗauke da fassarar waɗanda suka ci su da yaƙi. Ko nau'in tsuntsun ma akwai magana a kansa: hukuma ta tsaya a kan mikiya mai ruwan zinariya, amma masanin tsuntsaye Rafael Martín del Campo ya kawo hujjar cewa wani tsuntsu ne mai tukku da ake kira karakara, wanda ya fi yawa a yankin.

Bangon kudu: mikiya mai kai biyu da mikiya mai faɗowa

Bangon kudu na zamanin mulkin mallaka ne. Manyan da'irori biyu ne suka mamaye shi, ɗaya tana nuna tsarin Ptolemy wanda ya sa duniya a tsakiyar halitta, ɗaya tana nuna na Copernicus wanda ya sa rana. Gefe guda na bangon yana ba da labarin cin ƙasa da wa'azi, ɗaya gefen da takobi. Wanda ya ja da baya ya dubi bangon gaba ɗaya zai ga da'irorin sun zama idanu, ginin ya koma fuskar Tlaloc, abin bautar ruwan sama, wanda masu sassaƙa na Aztek kan yi wa zoben ido da jikin macizai biyu. Tsohuwar duniya tana leƙowa ta bayan sabuwa.

A tsakiya akwai tambarin gidan sarautar Habsburg, wanda alamarsa mikiya ce mai kai biyu. Wannan ita ce mikiyar Charles na Biyar, sarkin Sifaniya daga 1516, wanda da sunansa Hernán Cortés ya ci Tenochtitlan, kuma da sunansa aka ba da izinin kafa jami'ar farko a birnin a 1551. Mikiyar Turai ta samo asali ne daga tutocin rundunonin Rum, ba ta da wata alaƙa da ta Meshika. Daula biyu da teku ya raba, kowace ta zaɓi tsuntsu mai farauta daga sama domin ta kwatanta kanta, kuma har yau haka abin yake a tambarin ƙasashe irin su Amurka da Jamus da Masar da Najeriya.

Mikiya ta biyu a wannan bango tana faɗowa, kuma sunan mutum ce. Cuauhtémoc, sarkin Meshika na ƙarshe, sunansa yana nufin mikiya mai saukowa. An kama shi a ranar 13 ga Agusta, 1521, aka gasa masa ƙafafu domin ya faɗi inda zinariya take, aka rataye shi a 1525. Ana iya karanta sunan ta fuska biyu, mikiyar da aka kayar ko mikiyar da ta kawo sura. A shekarun da ake shirin ginin, Cuauhtémoc yana tsakiyar muhawara: a 1949 masaniyar tarihi Eulalia Guzmán ta sanar da cewa ta gano ƙasusuwansa a garin Ixcateopan, jama'a suka yi ta murna, amma kwamitocin masana da aka kafa suka ce shaidun ba su tabbata ba. An zargi wasu daga cikinsu da rashin kishin ƙasa saboda sun faɗi abin da suka gani.

Gabas da yamma: ƙwayar zarra da tsuntsu biyu

Bangwayen gabas da yamma sun fi ƙanƙanta. Na gabas yana nuna zamanin da O'Gorman ke ciki: ma'aikatan birni a gefe guda, manoman karkara da taken Emiliano Zapata na neman ƙasar noma da 'yanci a ɗaya gefen. Gurbin tsakiya, wanda rana da tambarin sarki suka riƙe a sauran bangwayen, a nan ƙwayar zarra ce ta riƙe shi, 'yan shekaru kaɗan bayan Hiroshima.

A yamma tambarin jami'ar ne a tsakiya, kuma shi ma tsuntsu ne mai kai biyu. Kai ɗaya na mikiyar Meziko ne, ɗayan na kwando, babbar ungulun tsaunukan Andes. Fikafikansu sun rungume taswirar Latin Amurka daga iyakar Meziko ta arewa har ƙarshen nahiyar a kudu. Vasconcelos ne ya kawo tambarin a 1921 lokacin yana shugaban jami'ar, tare da taken da ke cewa ruhi zai yi magana da yawun jinsinsa. Siffar martani ce ga mikiyar Habsburg, taswirar kuma martani ce ga Amurka, wadda aka bari a waje da gangan, ƙasar da ta ƙwace kusan rabin faɗin Meziko a tsakiyar ƙarni na 19.

Jinsin da Vasconcelos ke nufi shi ne gauraye tsakanin Bature da ɗan ƙasa, ra'ayin da ya faɗaɗa a littafinsa La raza cósmica na 1925. A aikace wannan ra'ayi yana buƙatar ɗan ƙasa ya narke cikin al'adar masu magana da Sifaniyanci. Shi kansa Vasconcelos a 1940 ya shugabanci mujallar Timón mai goyon bayan Jamus ta Hitler.

Tsuntsu ɗaya, gwamnatoci da yawa

Abin da bangon ya nuna a dunƙule, tarihin tutar ƙasar ya nuna shi daki-daki. Bayan samun 'yanci a 1821, Agustín de Iturbide ya naɗa kansa sarki, mikiyar tutarsa tana sanye da kambi. Jamhuriyar da ta biyo baya a 1823 ta cire kambin. Da sojojin Faransa suka ɗora Maximilian, ɗan gidan Habsburg, a kan mulki a 1864, kambin ya dawo, ya sake tafiya da aka harbe shi a 1867. A 1916 Venustiano Carranza ya ba da umarnin a juya mikiyar ta dubi gefe, kusa da yadda take a tsofaffin kundaye. Ko a 2000, da Vicente Fox ya kawo ƙarshen mulkin shekara 71 na jam'iyyar PRI, gwamnatinsa ta fito da alamar da ta nuna rabin mikiyar kawai, 'yan adawa suka yi mata laƙabi da guntuwar mikiya. Babu gwamnatin da ta yarda ta rabu da tsuntsun, kowace gyara masa zama take yi.

Waɗanda aka zana da waɗanda aka tasa

Sukar farko da aikin ya sha ta fito ne daga abokan sana'a. Ana danganta wa Siqueiros cewa ya kwatanta laburaren da Ba'amurkiyar da aka sa wa kayan gargajiyar Meziko, wato akwatin gini irin na ƙasashen waje da aka yafa wa ado na gida. Suka ta biyu ta fi wannan nauyi. A shekarun da ake jera duwatsun girmama Quetzalcoatl, gwamnatin tana gina madatsar ruwa mai sunan Miguel Alemán a jihar Oaxaca, wadda ta raba 'yan ƙabilar Mazatek kimanin 20,000 da gonakinsu da garuruwansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: al'adar 'yan ƙasa ta zama adon gwamnati, su kuwa masu al'adar aka ɗora su a motoci.

Akwai kuma batun wanda aka zaɓa ya wakilci kowa. Meziko tana da harsunan asali 68 da doka ta amince da su, amma tarihin da ke bangon arewa na Meshika ne, daular da ta mallaki maƙwabtanta har wasu daga cikinsu, irin su mutanen Tlaxcala, suka haɗa kai da Cortés domin su kayar da ita. Gwamnatin da ke mulki daga birnin da aka gina a kan kufan Tenochtitlan ta ga maslaha a ɗaukar mikiyar wannan birni a matsayin ta kowa. Tawayen 'yan Zapatista a jihar Chiapas, wanda ya ɓarke a ranar 1 ga Janairu, 1994, na mutanen Maya ne, kuma ƙorafinsu shi ne ƙasar da ke alfahari da kakanninsu ta manta da su.

1968: da ɗalibai suka zana nasu dabbobin

Kusa da laburaren an kafa babban mutum-mutumin Alemán. Sau biyu, a 1960 da 1966, aka dasa masa nakiya, har hukuma ta rufe shi da kwanon rufi. A lokacin zanga-zangar ɗalibai ta 1968, masu zane suka taru suka cika kwanon da hotuna na nuna goyon baya, zanen da kowa ya sa hannu kuma babu wanda ya yi tsammanin zai daɗe, yana fuskantar wanda aka yi da dutse domin ya dawwama.

A ranar 16 ga Satumba, 1968, sabon fasalin tambarin ƙasa ya fara aiki, wanda Francisco Eppens ya zana, shi ma mai zanen bango a wannan haraba. Kwana biyu bayan haka, a daren 18 ga Satumba, dubban sojoji suka mamaye jami'ar, suka kama ɗaruruwan mutane, suka zauna har ƙarshen watan. A ranar 2 ga Oktoba jami'an tsaro suka buɗe wuta kan masu gangami a dandalin Tlatelolco, unguwar da mayaƙan Cuauhtémoc suka yi tsayuwar ƙarshe a 1521. Gwamnatin Gustavo Díaz Ordaz ta amsa mutuwar 'yan gommai, wasu majiyoyi sun ce ɗaruruwa ne. Kwana goma bayan haka aka buɗe gasar Olamfik a filin wasan jami'ar, wanda a goshinsa akwai wata mikiya da wani kwando da Rivera ya yi da duwatsu.

Ɗaliban da suka girma a inuwar waɗannan bangwaye sun iya yaren. Farar kurciya ce alamar zaman lafiya da gwamnati ta baza a birnin saboda gasar, sai suka sake buga ta da wuƙar bakin bindiga a ƙirji. 'Yan sandan kwantar da tarzoma kuwa suka zana su a siffar goggon biri sanye da hular kwano.

Halin da ake ciki a yau

Dabbobin dutsen sun fi na gaskiya samun kulawa. Dokokin muhalli na Meziko sun lissafa jaguwa da tsuntsun ketsal cikin halittun da ke dab da ƙarewa, mikiya mai ruwan zinariya kuma cikin waɗanda ke fuskantar barazana. Tafkin Texcoco, inda aka ce an ga alamar, an janye ruwansa tsawon ƙarnuka har birni ya zauna a gurbinsa. Abin da ya rage na dajin Pedregal shi ne yankin da jami'ar ta keɓe a 1983 a cikin harabarta, inda har yanzu macizai masu ƙararrawa a wutsiya ke rayuwa tsakanin baƙaƙen duwatsu, tafiyar 'yan mintuna daga laburaren.

Akasarin kundayen da aka kwashe ba su dawo ba. Akwai dai guda da wani lauya ɗan Meziko ya fitar a ɓoye daga babban laburaren Faransa a 1982, abin da ya jawo taƙaddama ta shekaru tsakanin ƙasashen biyu. Kundin Mendoza yana nan a Oxford. A 2015 hukumar kula da kayan tarihi ta Meziko ta sa hotunan shafukansa a intanet. Mai waya a hannu yana iya buɗe shafin farko, ya ga mikiyar da babu maciji a bakinta, ya ajiye ta kusa da wadda ke tutar ƙasar, ya lissafa da kansa abin da aka ƙara mata a hanya da kuma waɗanda suka ƙara.